Hannu a Kan Ciki: Hoton Mai Juna Biyu na Rafayel da Abin da Mai Kallo Daga Magariya Zai Karanta a Cikinsa

A cikin ɗimbin hotunan mutane da masu zanen ƙasar Italiya suka bari daga ƙarni na 15 da na 16, waɗanda suka nuna mace da ciki a bayyane ba su taka kara sun karya ba, kuma mafi shahara a cikinsu shi ne wani ƙaramin allon katako da ke rataye a Fadar Pitti ta birnin Fulorans, wanda ake kira La Gravida, wato mai juna biyu. Masana tarihin zane sun jingina shi ga Rafayel, sun kuma sanya lokacin yinsa tsakanin 1505 da 1506. Tsawonsa santimita 66 ne, faɗinsa 52, ba a san sunan matar da ke cikinsa ba, ba a kuma san abin da ta haifa ko yadda haihuwar ta ƙare ba. Duk da haka hoton ya cancanci a tsaya a kansa, musamman ga mai karatu na ƙasar Hausa, kamar mutanen Magariya da Dungas a jihar Damagaram, inda ciki da haihuwa suke tsakiyar rayuwar kowane gida, amma kunya ta sa ba a cika ambaton su a fili ba.

Zamanin da mai zanen

Lokacin da aka yi wannan hoto shi ne Turawa suke kira Rinesans, ko zamanin Farfaɗowa, domin a cikinsa ne biranen Italiya suka koma ga nazarin littattafai da gine-gine da sassaƙe-sassaƙen tsofaffin Girkawa da Rumawa, suka kuma mai da hankali ga lura da jikin ɗan Adam da halittu kamar yadda ido yake ganinsu. Fulorans ce cibiyar wannan motsi, kasancewarta birnin masaƙa ulu da siliki da masu bankuna, irin gidan Medici, waɗanda suke da dukiyar da za su biya masu zane da magina. Kafin wannan lokaci yawancin zane na coci ne, amma da attajirai suka yi ƙarfi sai suka fara neman a zana fuskokinsu da na matansu, domin tunawa da aure, ko nuna matsayi, ko adana kamannin wanda ake ƙauna bayan mutuwarsa.

An haifi Rafayel, wanda cikakken sunansa Raffaello Sanzio, a garin Urbino a 1483, mahaifinsa Giovanni Santi kuwa mai zane ne a fadar sarkin garin. Mahaifiyarsa ta rasu a 1491 yana ɗan shekara 8, mahaifinsa ya bi ta a 1494, daga nan ya gwanance a hannun Perugino, ɗaya daga cikin manyan masu zanen yankin Umbriya. Tsakanin 1504 da 1508 ya fi zama a Fulorans, a daidai lokacin da Leonardo da Vinci yake aikin hoton nan na Mona Lisa, Michelangelo kuma ya kammala sassaƙar Dawuda, sai matashin ya zuba ido ya ɗauki darasi daga kowannensu. A 1508 ya koma Rum bisa kiran Fafaroma Juliyas na Biyu, ya kuma rasu a can a 1520 yana da shekara 37. Ke nan ya zana mai juna biyun yana ɗan shekara 22 ko 23, a shekarun da yake gwada hannunsa a kan hotunan attajiran Fulorans, irin na Agnolo Doni da matarsa Maddalena Strozzi, waɗanda suka yi aure a 1504.

Hoton ya daɗe ba a danganta shi da Rafayel ba. Ya fara bayyana a lissafin kayan Fadar Pitti a farkon ƙarni na 18 ba tare da sunan mai zane ba, a 1815 aka jingina shi ga Innocenzo da Imola, sai a 1839 aka fara ambaton Rafayel, ko da yake masanin nan Cavalcaselle ya ci gaba da ganin cewa aikin Ridolfo del Ghirlandaio ne. A yau kusan bakin masana ya zo ɗaya a kan Rafayel. Game da matar kuwa, wasu sun ce ƴar gidan Bufalini ce ta garin Città di Castello, wasu sun ce Emilia Pia ce ta fadar Urbino, amma babu takardar da ta yanke hukunci a tsakanin ra'ayoyin biyu.

Abin da ke kan allon

Matar tana zaune ne, an zana ta daga kai zuwa ƙugu, jikinta ya ɗan karkata gefe amma fuskarta da idanunta suna kallon mai kallo kai tsaye. Bayanta duhu ne ƙirin, babu taga, babu tsauni irin wanda Rafayel ya sanya a bayan Doni da matarsa, kuma wannan zaɓi shi ne mabuɗin farko na fahimtar hoton, domin ya hana ido yawo, ya tilasta masa ya tsaya a kan mutum ɗaya. Gashinta a ɗaure yake cikin wata siririyar raga, akwai sarƙar zinariya a wuyanta wadda ta gangara ta shige cikin riga, da zobba a yatsunta. Rigar ruwan ɗorawa ce mai baƙin baki, hannuwanta jajaye ne manya masu faɗi, a gabanta kuma akwai farin yadi da ya rufe cikin. A wancan zamani jan rini mai kyau yana da tsada ƙwarai, saboda daga wasu ƙananan ƙwari ake samunsa, don haka tufafin sun isa su sanar cewa matar ta fito daga gidan wadata.

Hannunta na hagu yana kwance a kan cikin, na dama kuma yana hutawa a ƙasa, kusa da bakin allon. Duk tsarin hoton yana kai ido ga wannan hannu na hagu: jajayen hannuwan rigar sun buɗe daga kafaɗu zuwa ƙasa, kai ya zama ƙololuwa, jiki gaba ɗaya ya ɗauki siffar dala mai faɗin gindi, tsarin da Leonardo ya shahara da shi domin yana ba mai kallo jin natsuwa da nauyi. Farin yadin shi ne wuri mafi haske a ƙasan hoton, kamar yadda fuska da wuya suke wuri mafi haske a samansa, sai idon mai kallo ya riƙa kai da komowa tsakanin fuska da ciki, wato tsakanin matar da abin da take ɗauke da shi, ba tare da ɗayansu ya shafe ɗayan ba.

Fentin da aka yi aikin da shi na mai ne, wato garin launi da aka kwaɓa da man tsirrai, saɓanin tsohuwar hanyar Italiya ta kwaɓa launi da gwaiduwar ƙwai. Fentin ƙwai yana bushewa nan take, na mai kuwa yana jinkiri, don haka mai zane yana iya shimfiɗa shi siriri a kan siriri har launuka su narke cikin juna, iyakar haske da inuwa ta ɓace. Da wannan dabara ce Rafayel ya fito da cikar kumatun matar da ƴar kumburar wuyanta da yatsunta, alamomin da duk ungozoma za ta gane a jikin mace mai tsohon ciki. Bai rage mata jiki don ta dace da ma'aunin kyau na zamaninsa ba, bai kuma sanya mata murmushi ba. Fuskar a natse take, akwai gajiya a cikinta, akwai kuma dakiya, irin ta wanda ya san abin da ke gabansa ya kuma shirya masa.

Haihuwa a Fulorans

Ba za a fahimci wannan fuska ba sai an san abin da ciki yake nufi ga macen Fulorans a lokacin. Annobar 1348 ta kashe kusan rabin mutanen birnin ko fiye, ta kuma riƙa dawowa bayan ƴan shekaru, har ya zama cewa a ƙidayar haraji ta 1427, wadda ake kira Katasto, mazauna birnin ba su kai 40,000 ba. Masana tarihi biyu, David Herlihy da Christiane Klapisch-Zuber, waɗanda suka yi nazarin wannan ƙidaya suka buga sakamakonta a 1978, sun nuna cewa ƴan mata sukan yi aure suna da shekara 18 ko ƙasa da haka, mazansu kuma suna kusan 30, sannan kimanin kashi ɗaya cikin biyar na mutuwar matan aure masu ƙuruciya a farkon ƙarni na 15 tana da nasaba da ciki da haihuwa. Gidajen attajirai suna ba da jariransu ga masu shayarwa na haya, abin da ya sa uwa takan sake ɗaukar ciki da wuri, ta kuma sake fuskantar haɗarin tun jikinta bai huta ba. Zubar jini, da doguwar naƙuda, da zazzaɓin bayan haihuwa, su ne manyan masu kisa, a zamanin da ba a san ƙwayoyin cuta ba, ba a ƙarin jini, tiyatar fito da jariri kuma ba a yin ta sai uwa ta riga ta cika. Saboda haka mata da yawa sukan rubuta wasiyyarsu idan ciki ya tsufa.

Birnin da ya rasa mutane haka ya girmama haihuwa da kaya da biki. Akwai faifan katako mai zane da ake kira desko da parto, wato faifan haihuwa, wanda ake kai wa mai jego abinci a kansa a kwanakin da take kwance tana karɓar ƴan barka, kuma wanda aka yi domin haihuwar Lorenzo de' Medici a 1449 yana nan har yau a gidan tarihi na Metropolitan a birnin Niyok. A 1425 hukumar birnin ta kafa asusun tara kuɗin auren ƴan mata, a 1445 kuma aka buɗe gidan renon jariran da aka yasar, wanda Brunelleschi ya tsara gininsa. Amma yawancin waɗannan abubuwa sun fi kallon ɗan da za a haifa, magajin suna da dukiya. Muhimmancin hoton Rafayel shi ne ya tsayar da lokaci kafin a san namiji ne ko mace, kafin a san rayuwa ce ko mutuwa, ya kuma ba wa uwar ita kaɗai dukan allon.

Hotunan da suke kusa da shi

Kimanin shekara 45 kafin hoton Rafayel, wajen 1460, Piero della Francesca ya zana a bangon wata ƙaramar coci a ƙauyen Monterchi hoton da ake kira Madonna del Parto, inda ya nuna Nana Maryamu a tsaye cikin shuɗiyar riga wadda aka sassauta igiyarta ta gaba saboda girman ciki, mala'iku biyu suna buɗe labulen tanti a gefenta. Wannan hoton ibada ne a wurin Kiristocin yankin, mata masu ciki sun daɗe suna ziyartarsa suna roƙon sauka lafiya. Na Rafayel kuwa hoton mace ce ta gari, mai gida da dangi, wadda babu wani labarin addini da aka rataya mata.

Akwai kuma hoton da jama'a suka fi ɗauka na mai ciki ne alhali yawancin masana ba su yarda ba, wato hoton Arnolfini da matarsa wanda Jan van Eyck ya zana a 1434, yana gidan zane na ƙasa a Landan. Tudun da ke gaban matar tarin yadin koriyar rigarta ne da ta ɗaga ta riƙe, bisa salon ado na lokacin, kuma mai zanen ya yi irin wannan siffa ga Katarina, waliyyiyar da Kiristoci suke ɗauka budurwa ce, a wani aikinsa na 1437. Darasin da ke nan shi ne mai kallo ya san tufafi da al'adar zamanin hoto kafin ya yanke hukunci a kan abin da idonsa ya nuna masa.

A Ingila ne irin wannan hoto ya yawaita daga baya. Hans Holbein ya zana Cecily Heron, ƴar Thomas More, da ciki wajen 1527, sannan wajen 1595 Marcus Gheeraerts ƙarami ya zana wata mata cikin farar riga mai lu'ulu'u, hannunta a kan ciki, hoton da ke gidan zane na Tate. Masaniya Karen Hearn, wadda ta shirya baje kolin irin waɗannan hotuna a Landan a 2020, ta bayyana cewa ɗaya daga cikin dalilan yinsu shi ne a adana fuskar matar ko da ba ta tashi daga naƙuda ba. Wannan tsoro na gaske ne, domin Elizabeth Jocelin, wadda ta rubuta littafin nasiha ga ɗan da ke cikinta, ta rasu a 1622 kwana tara bayan ta haihu, aka buga littafin a 1624.

Idon mutumin Magariya

Fasahar ƙasar Hausa ta fi karkata ga tsarin layi da launi fiye da zana fuskar mutum, kamar yadda ake gani a adon bangon gidajen unguwar Birni ta Damagaram, da aikin allura na manyan riguna, da sassaƙar ƙwarya, da zanen lalle, kuma maganar malaman Musulunci a kan surar abu mai rai sananniya ce, tare da bambancin fahimtarsu a kan rassanta. Wanda ya dubi hoton Rafayel a matsayin shaidar tarihi, kamar yadda ake duban hoton da ke littafin makaranta, zai tarar cewa tarbiyyarsa ta riga ta ba shi abin karanta shi. Idon da ya saba auna daidaiton zane a gaban babbar riga zai gane yadda ja da ruwan ɗorawa da fari da baƙi suka zauna da juna, kuma wanda ya tashi a gidan da ake gane ciki daga tafiyar mace da yadda take ɗaura zane, ba daga bakinta ba, zai fahimci hoton da ya faɗi komai da hannu ɗaya. Matar a suturce take, ba a tallata jikinta ba, kuma a nan kamun kan Fulorans da kunyar Hausa sun haɗu.

Al'adar Hausa ma ta kewaye haihuwa da hidima. Mai cikin fari takan koma gidan iyayenta goyon ciki idan watanni sun yi nisa, ungozoma da tsofaffin gida su tsaya mata, bayan ta sauka a shiga wankan jego da kunun kanwa har arba'in, a yanka rago a raɗa suna ranar bakwai. Alƙur'ani a Suratu Luƙman da Suratul Ahƙaf ya ambaci wahalar da uwa take sha a ɗaukar ciki, ya kafa ta hujja a kan wajabcin kyautata mata, hadisi kuma ya lissafa wadda ta rasu wajen haihuwa cikin shahidai. Sai dai, kamar a Fulorans, mafi yawan bikin yana zuwa ne bayan an ji kukan jariri, watannin da suka gabata kuwa mace takan shafe su tana daka da ɗiban ruwa da aikin gona, tana ɓoye ciwonta don kada a ce ta cika raki.

Lamarin ba ƙarami ba ne a wannan yanki. A ƙidayar 2012 gundumar Magariya tana da mutum fiye da 570,000, ta Dungas kuma, wadda aka cire daga jikinta a 2011, tana da fiye da 350,000, abin da ya sa suke cikin wurare mafi cunkoson jama'a a Nijar. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2012 ya nuna cewa macen Nijar tana haihuwar ƴaƴa 7.6 a matsakaici, a jihar Damagaram adadin ya haura 8, kuma mata 535 ne suke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000. Abubuwan da suke kashe su, wato zubar jini, da doguwar naƙuda, da cutar bayan haihuwa, da jijjiga mai biyo bayan hawan jini, kusan su ne waɗanda suka tsoratar da matan zamanin Rafayel, ga kuma zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini da suke tsananta a damina. Bambancin shi ne yanzu an san maganinsu. Tun 2005 da 2006 gwamnatin Nijar ta ayyana tiyatar haihuwa da awon ciki da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar a matsayin kyauta, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tun 2016 ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas, inda ake auna jininta, a ba ta ƙwayoyin ƙarin jini da maganin rigakafin zazzaɓi da sange.

Magariya tana da nata tarihin a ƙoƙarin jawo idon maza ga wannan al'amari. A 2008 Asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a, tare da hukumomin lafiya da sarakunan gargajiya, ya fara shirin Makarantar Mazaje a jihar Damagaram, inda gundumomin lafiya na Magariya da Matamaye suka kasance wuraren gwajin farko, garin Bande kuma yana cikin waɗanda shirin ya yi suna a cikinsu. Tsarin ya ginu ne a kan cewa maigida ne yake ba da izinin zuwa likita da kuɗin mota ko amalanke, don haka aka zaɓi magidanta masu mutunci a gari suna zama suna tattauna awon ciki da haihuwa a hannun ma'aikata, sannan su kai maganar majalisu da ƙofar masallatai. Daga baya shirin ya bazu zuwa sauran jihohin ƙasar da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma.

Kunya da kulawa

Abin da hoton Rafayel ya tabbatar shi ne ana iya duban mace mai ciki da cikakken hankali ba tare da an keta mata sutura ba, kuma wannan duba aiki ne da ya hau kan waɗanda suke kewaye da ita. Wani ya biya kuɗin allon da launi, wani ya zauna kwanaki yana lura da kumburin yatsunta da nauyin idanunta, saboda an ɗauke ta mutum mai daraja a kan kanta a lokacin da ranta yake cikin haɗari. Mutanen Fulorans ba su da abin da za su ƙara mata bayan wannan sai addu'a da faifan haihuwa. Miji da uwar miji da dangi a garuruwan yankin irin su Wacha ko Sasumburum ko Malawa suna da abin da ya fi haka, domin kumburin ƙafa da fuska, da ciwon kai mai tsanani, da farin ido, da ɗigar jini, alamomi ne da likitar gari take iya aiki a kansu idan an kai mace da wuri. Kunya ɗabi'a ce ta gari wadda ta kare mutuncin matan Hausa tun kaka da kakanni, amma ba ta taɓa ɗauke wa maigida nauyin tambayar lafiyar iyalinsa ba, ba ta kuma hana uwar miji ta rage wa surukarta aiki ta raka ta awo ba. Al'ummar da take yanka rago domin jariri ran suna ta fi kowa cancantar tanadin kuɗin mota da mai ba da jini domin uwarsa tun ciki yana wata bakwai.